Shanun Haske

Da dogon ƙwan lantarki a hannu Baba Hamaundu ya fito tarbar masu neman auren 'yarsa. Ya riƙe shi a tsaye kamar sandar kiwo, ya tsaya a bakin garke yana leƙen motar baƙin tun kafin ta gama tsayawa.

"Wanne ne malamin?" ya tambaya.

Kawu Sitali ne ya fara fitowa. Tun daga Mongu ya taso da jawabin neman aure a bakinsa, yana ta bitarsa a hanya. Ya durƙusa yana tafa hannu a hankali, irin gaisuwar girmamawa ta ƙasarsu.

"Babanmu, mun zo da gaisuwa, mun kuma zo da..."

"Na gan ka, ɗan kwale-kwale. Ƙarnin kifinka ya riga ka isowa. Malamin nake tambaya."

"Dole ka ji ƙarni mana," in ji Kawu Sitali, bai ko ɗago ba. "Hancin da bai san komai ba sai kashin shanu."

Aka yi dariya. Lozawa masunta, ƙabilar Kawu Sitali, da Tongawa makiyaya, ƙabilar Baba Hamaundu, abokan wasa ne, ko a wurin makoki ba sa raga wa juna. Sai Mundia ya fito daga bayan motar yana gyara kwat, ya durƙusa kusa da kawunsa. Shi ne mai neman auren, malamin fiziks a wata sakandare a Mazabuka. A al'ada ba shi da abin yi a wannan zama, manya ne ke magana. Amma Baba Hamaundu ya aika tun da wuri cewa in ba a zo masa da malamin ba, kada a ɓata man mota.

Mundia ya san dalili. Miyanda, wadda yake nema, ta gaya masa tun ranar da ya ce zai turo manya.

"Babana mutumin kirki ne," ta ce, "amma yana da abinsa. Tun da ya bar shugabancin firamare ba ya tunanin komai sai lantarki. Ya ce duk abin da ke cikin littattafanku ƙarya ne. Duk abin da ya faɗa, ka ce to."

"Ko da ba daidai ba ne?"

"Musamman ma in ba daidai ba ne. Wanda ya zo kafin kai, ma'aikacin banki, dariya ya yi. Baba bai ce masa komai ba, ya tashi ya tafi wurin shanunsa. Maganar ke nan har yau. Mundia, kalma ɗaya ce fa. To."

Aka zaunar da baƙi a gindin bishiyar da ke tsakar gida. Maman Miyanda ta kawo cibwantu, kunun masarar nan mai gari-gari, ta ajiye ta koma gefe kan tabarma tare da sauran mata. Kawu Sitali ya gyara murya zai fara jawabi. Baba Hamaundu ya jawo kujerarsa har gwiwarsa na taɓa ta Mundia.

"Malam, ka taɓa ganin ilektiron?"

"Ban taɓa gani da ido ba, Baba."

"Amma kana koya wa 'ya'yan mutane cewa wasu 'yan ƙwayoyi ne ke gudu a cikin waya kamar tururuwa a rami."

"Kusan haka muke cewa."

"To ka saurara." Tsohon ya ɗaga ƙwan lantarkin, idonsa na ƙyalli. "Babu wani ilektiron. Haske ne kawai a duniyar nan. Ƙwayar hasken nan da kuke kira foton, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar bushiya, ta ɓoye kai. Ku kuka gan ta a dunƙule kuka raɗa mata sabon suna. In ta saki jiki ta miƙe, ta koma haske. Abu ɗaya ne, ku kuka raba shi biyu don jarrabawa ta yi wuya."

Mundia ya ji amsa ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi tagar kicin, ya ga gefen fuskar Miyanda.

"To," ya ce.

"Na biyu. Ka taɓa korar shanu a gefen shinge?"

"Ina zai kore su?" in ji Kawu Sitali. "Ku kun sace duk na ƙasar."

Baba Hamaundu bai kula shi ba. "Shanu ba cikin shinge suke tafiya ba. Gefensa suke bi. Shinge nuna musu hanya kawai yake yi. Haka waya take. Babu komai a cikinta, wayam take. Wutar a waje take, garke guda na haske, yana bin gefen waya tun daga madatsar ruwa har birni."

Wannan karon Mundia bai yi saurin cewa to ba. Ya ajiye kofinsa. Wani abu ya motsa a ransa, irin abin da yake ji in ɗalibi ya yi tambayar da ta fi darasin. Tsohon nan bai taɓa shiga jami'a ba, a gefen garke ya zauna ya yi ta tunani, kuma ga shi ya taɓo gefen wani abu na gaske.

"Ta yaya kuka gane haka, Baba?"

Tsohon ya miƙe tsaye, har kujerarsa ta faɗi. Ya juya ga matarsa.

"Kin ji? Ya tambaya ta yaya. Duk shekarun nan akwai wanda ya taɓa tambaya ta yaya?" Ya tafa hannu. "A fito da ƙwayayen. Kowa ya tashi. Rana ta kusa faɗuwa."

"Babanmu, maganar da ta kawo mu..." in ji Kawu Sitali.

"Ba guduwa za ta yi ba. Riƙe wannan."

Aka fito da su daga rumbu, dogayen ƙwayayen lantarki waɗanda suka daɗe da mutuwa, bakinsu ya yi baƙi. Shekaru ya yi yana tara su daga shaguna da ofisoshin Monze. Kowa ya samu ɗaya: baƙi, ƙannen Baba Hamaundu, matan gida, maƙwabtan da suka leƙo don ganin surukai. Har Miyanda ta fito daga kicin ta karɓi nata, ta bi bayan mahaifiyarta kai a sunkuye.

Suka bi ta gonar masara da aka riga aka girbe, mutane cikin kayan zuwa coci, kowa da farar sanda a kafaɗa, kara na ƙara a ƙarƙashin takalma. Sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasar nan, ya fara sauka. A ƙarshen gonar manyan turakun ƙarfe suka ratsa daji, ɗauke da wayoyin da ke kai wuta birane, suna wucewa ta saman ƙauyen da har yau da fitila mai caji da hasken rana yake kwana. Tun daga nesa ana jin wayoyin suna tsirtawa kamar man da aka zuba wa ruwa.

Baba Hamaundu ya jera mutane a ƙarƙashin wayoyin, daidai inda suka fi yin ciki. Ya jira har jan sama ya dushe.

"Ku ɗaga."

Aka ɗaga.

Na hannun Kawu Sitali ne ya fara kamawa. Wani farin haske mai rawa ya taso daga ƙasan ƙwan ya haura sama. Kawun ya saki wata 'yar ƙara, ya miƙa hannu nesa da jikinsa, amma bai yar ba. Sai na kusa da shi, sai na gaba, har layin duka ya kama. Matattun ƙwayaye, babu waya, babu batir, suna ci a hannun mutane a tsakiyar gona. Mata suka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa ta fara waƙar coci. Wani ya sauke nasa ƙasa ya ga ya dushe, ya ɗaga ya ga ya dawo, ya yi ta yi yana dariya kamar ba dattijo ba.

Mundia ya san wannan a littafi. Ya sha zana shi a allo. Amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba, bai taɓa jin gashin damtsensa na miƙewa ba. Ya tarar da kansa yana dariya da ƙarfi, yana juya ƙwan a iska, yana neman idon Miyanda a cikin hasken.

"Ga shanuna," in ji Baba Hamaundu, yana zagaya layin da sauri. "Ga su nan suna wucewa ta tsakaninmu. Malam, ina wayar? Nuna min wayar da ta taɓa ƙwan nan."

"Babu, Baba."

"Babu. Ya ce babu. Ku shaida, malamin sakandare ne ya faɗa." Ya dafa kafaɗar Mundia. "Yau da na samu wanda zai gane, zan yi babban gwajin. Na daɗe ina ajiye shi."

Ya shiga cikin ciyawa ya jawo wani abu mai tsawo. Bututun ban-ruwa ne na alminiyam, guda biyu, an haɗa su baki da baki an ɗaure da roba. A nan kusa akwai wani ƙaton suri, tsayinsa ya kai ɗaki, daidai ƙarƙashin wayar da ta fi sauka. Tsohon ya kama hawa yana jan bututun a bayansa.

"Tsuntsu na sauka a kan wayar nan kullum," ya ce daga sama, "ya yi waƙarsa ya tashi lafiya. Me ya sa? Don babu komai a cikinta. Yanzu zan taɓa ta da ƙarfen nan a gabanku, ku ga ba abin da zai faru. Daga nan sai a sake rubuta littattafai."

Mutane suka matso don su gani da kyau. Wasu har sun fara tafi. Wani ƙanensa ya hau ya taya shi ɗaga gindin bututun, kan ya fara tashi sama a hankali, yana lilo.

Mundia ya dubi kan bututun, ya dubi wayar. Ya dubi Miyanda. Tana murmushi, ƙwanta na haska rabin fuskarta, ba ta san abin da take kallo ba. Duk filin nan shi kaɗai ya sani.

Ya yar da ƙwansa, ya fashe a ƙasa. Bai san lokacin da ya hau surin ba. Ya ture ƙanen tsohon, ya rungumi bututun da hannu biyu ya danne shi gefe da dukkan nauyinsa. Ƙarfen ya karkata ya faɗi cikin kara da wata irin ƙara. Baba Hamaundu ya zame, ya sauko da mazaunai har ƙasan surin, hularsa ta yi nata wuri.

Waƙa ta tsaya. Ƙwayaye suka sauka ɗaya bayan ɗaya, filin ya yi duhu-duhu. Mai neman aure ya kayar da uban yarinya a gaban dangi. Kawu Sitali ya buɗe baki, ya nemi zolayar da za ta gyara wannan, bai samu ba. Miyanda ta rufe fuska da hannu.

Tsohon bai tashi ba. Ya zauna a inda ya faɗi yana kaɗe ƙasa daga gwiwa.

"Malam," ya ce a hankali, "ashe kai ma dariya kake yi mini a ciki."

Mundia ya sauko ya durƙusa a gabansa. Numfashinsa bai dawo ba tukuna.

"Baba, ku yafe mini. Da ƙarfen nan ya ƙara tashi kaɗan, da yanzu ba ku da rai, ku da ƙanenku. Ba sai ya taɓa ba ma. Wuta mai ƙarfin wannan tsalle take yi ta cikin iska ta kama ƙarfe."

"Tsuntsu fa?"

"Tsuntsu ƙafarsa ba ta ƙasa. Wutar ba ta da inda za ta bi ta jikinsa ta wuce. Ku kuwa kuna tsaye a ƙasa da ƙarfe a hannu. Ku ne hanyar."

"Zance ne na littafi."

"Baban Miyanda." Matarsa ce ta yi magana daga cikin mata, ba ta ɗaga murya ba. "Ka tuna doguwar bishiyar da ke can gefen gonar maƙwabcinmu Mainza, wadda ta yi tsawo har ta kusa wayar? Ka ce tsawa ce ta ƙone ta. Ni ina gona ranar. Babu ko gajimare ɗaya a sama."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na saba cewa to."

Tsohon ya dubi bututun da ke kwance a cikin kara, ya dubi ƙanensa wanda ya zauna a kan surin ya dafe kai. Wayoyin na ta tsirtawa a sama. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa, ya riƙe ta bai sa ba.

"To duk shirme ne ke nan," ya ce. "Ku koma gida. Zan je in duba shanu."

Miyanda ta ɗago da sauri. Ta san abin da wannan ke nufi. Mundia ma ya sani. Ya ga tun da tulun ya riga ya fashe, gara ya faɗi gaskiyar duka.

"Ba duka ba ne shirme, Baba. Maganar shinge da shanu, akwai gaskiya a ciki."

Tsohon ya tsaya da rabin miƙewa.

"Wayar ba wayam take ba, a nan kuka kuskure, kuma kuskuren nan kisa yake yi. Amma ƙarfin da ke kunna fitila a birni, lissafi ya nuna ta gefen waya yake tafiya, ta cikin sararin da ke kewaye da ita. Wayar ce ke ja masa gora. Abin da ya kunna ƙwayayen nan ma a sararin yake. Masana sun yi lissafinsa tun kafin a haifi kakanninmu. Mu ma sai a jami'a ake koya mana, kuma da yawa ba sa yarda a ranar farko."

"An riga an sani?"

"An sani, Baba."

Fuskar tsohon ta yi wani iri. Mundia ya ji tsoron ya ƙara ɓata abin, domin mai haƙar rijiya ba ya son a ce masa akwai kogi a bayan gida. Amma sai ya ga bakin tsohon na motsi.

"Wanda ya gano, da shanu ya kwatanta?"

"A'a. Da lissafi."

"To shanun nawa ne." Ya miƙe tsaye, ya kifa hular a kai. Ya juya ga matarsa, ga ƙannensa, ga maƙwabta, muryarsa na ƙara tashi. "Kun ji? Ni a bakin garke, shi a ƙasar Turawa, muka iso mashaya ɗaya. Ku da kuke cewa tsufa ne ya taɓa ni. Mainza, kai ne ka ce a kai ni asibiti, ina kake?"

Mainza daga can baya ya ce shi bai taɓa faɗa ba. Dariya ta ɓarke, ta saki mutane. Wasu suka sake ɗaga ƙwayayensu, haske ya dawo nan da can.

Baba Hamaundu ya kama hannun Mundia ya ɗaga shi daga durƙuson.

"Bushiyata fa? Ita ma tana littafin?"

Mundia ya ji idon Miyanda a bayan wuyansa.

"Ba ta ciki, Baba. Kuma ni ban yarda da ita ba."

"Dalili?"

"Ilektiron yana da caji, shi ya sa ƙarfen maganaɗisu ke karkatar da shi. Haske ba shi da caji ko kaɗan. In haske ne ya dunƙule, daga ina cajin ya zo? Bushiya in ta dunƙule ba ta fito da ƙaho."

Tsohon ya sosa gemu. Ya taka ya je ya dawo.

"Daga juyawar," ya ce. "In abu na juyawa..."

"Juyawa ba ta haifar da abin da babu."

"Wa ya ce? In ka kaɗa nono, man daga ina yake fitowa?"

"Da ma yana ciki, Baba."

"Yauwa. To da ma yana cikin hasken, ku ne ba ku kaɗa ba."

"An auna, ba a samu ba."

"Da wane ma'auni? Zo mu je gida, akwai zanen da zan yi maka a ƙasa. A nan ba a gani."

Ya ja shi suka kama hanyar gida, tsohon na gaba da rabin taki, hannunsa ɗaya na riƙe da hannun rigar Mundia, ɗayan na yanka iska. Sauran mutane suka bi su a hankali. Duk wanda ya fita daga ƙarƙashin wayoyin sai ƙwansa ya dushe ya mutu, har gonar ta koma duhunta. Maman Miyanda ta sa ƙanen mijinta ya kwance bututun, ta ce ya kai wa mai shi tun yanzu, kuma in an sake zuwa aro a ce ya ɓace.

Kawu Sitali ya rage tafiya har ta iso kusa da shi, Miyanda na biye da ita. Har yanzu ƙwan na hannunsa, ya manta bai mayar ba.

"Mamanmu, a taimake ni," ya ce da ƙaramar murya. "Tun daga Mongu nake ɗauke da jawabi, ko kalma uku ban yi ba. Yaronmu ya kayar da maigida. In na koma me zan ce wa mutanenmu? An ba mu ne, ko an kore mu?"

Maman Miyanda ta ɗaga yatsa ta nuna gaba, alamar ya saurara. Daga can bakin garke muryar tsohon na tasowa, da zafinta, ta katse ta Mundia.

"A'a, a'a. Tsaya, surukina, ba ka gane ba. Bari in sake daga farko."